Daga Kaduna zuwa Yankari da iyali: wane wata, wace hanya, me ke ɓata tafiyar

Wani magidanci a Kaduna ya aiko da tambaya. Yana so ya kai iyalinsa kallon namun daji a hutun makaranta, shi da maiɗakinsa da yara huɗu, autan yana da shekara biyar, sai kuma mahaifiyarsa. Motarsa Sienna ce. Ya ce shin Kamuku zai nufa tunda cikin jiharsu yake, ko Yankari? Wane wata ya fi? Me zai tanada? Sannan Hajiya ta ce ita fa zaki take tsoro, to akwai haɗari?

Malam, Allah ya ba da ladan kyautata wa iyali. A gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, zaki shi ne abu na ƙarshe da zai dame ku. Waɗanda suke dawowa daga Yankari da ɓacin rai, idan ka bi diddigi, ɗaya cikin huɗu ne ya same su: sun je a watan da ba a ganin komai, ko mota ta ba su kunya, ko rana ta kayar da wani, ko gwaggon biri ya yi musu ta'adi. Duka huɗun tun daga gida ake maganinsu.

Kamuku dai ka ajiye shi a gefe. Yana ƙasar Birnin Gwari, an mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, amma ya shafe shekaru cikin jerin dazuzzukan da 'yan bindiga suka mayar mafaka. Ko an samu sauƙi a titin Birnin Gwari, lafawar titi daban, kutsawa tsakiyar daji da mata da yara daban.

Yankari yana ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, don haka kama ɗaki da biyan kuɗi duk da ma'aikatan jihar za ka yi. Ka kira su tun da saura mako biyu, ka sake kira ana jibi tafiya. Ka ji kuɗin shiga na kowane mutum, na mota, na ɗaki, na motar zagayen daji, da kuma ko akwai wuta da ruwa a ɗakin da za a ba ka. Ka tambayi halin tsaro kai tsaye, domin a 'yan shekarun nan an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Alƙaleri, wajen Gwana da Duguri. Idan amsar ta zo da inda-inda, ka ɗage tafiyar, dajin ba gudu zai yi ba.

Zancen wata shi ne gaba da komai, kuma dalilinsa ruwa ne. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar gandun, maɓuɓɓugai irin su Wikki suna zuba a cikinsa, shi ya sa ba ya ƙafewa da rani. Da damina kowane kwari da ruwansa, dabba ba ta da abin da zai kawo ta bakin kogi, sai su watsu cikin daji. Ciyawar gamba kuma ta haura tsayin mutum, garken ɓauna yana iya tsayawa taku ashirin daga hanya ka wuce ba ka sani ba, ga taɓo da ke rufe wasu hanyoyin. Wato babban hutun Agusta, wanda yawancin iyaye suke fara tunaninsa, shi ne mafi muni. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu kuwa tafkuna sun bushe, ganye ya kaɗe, ciyawa ta kwanta ko wuta ta cinye ta. Babbar giwa tana shan fiye da lita 100 a yini, ba ta da zaɓi sai ta nemi Gaji, haka ɓauna da gwanki. A nan ake cika ido. Sai dai a Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40. Hutun Disamba yana da daɗin jiki, amma ciyawa ba ta gama kwantawa ba, hazo yana rage gani, kuma makon Kirsimeti da sabuwar shekara wurin cike yake, ɗaki ma sai an sha wuya.

Tunda akwai tsohuwa da ɗan shekara biyar a tafiyar, shawarata Fabrairu. Ka nemi ɗan hutun tsakiyar zango, ko ka haɗa Juma'a zuwa Litinin. Idan dole sai hutun Afrilu, to a je, amma da shirin zafin da zan zo kansa. Idan lokacin ya faɗo cikin azumi a bari sai bayan Salla, kuma ba a makon Sallar ba, don cinkoson ya yi kama da na Kirsimeti.

Hanyar da aka saba ita ce Mararrabar Jos, Pambeguwa, Saminaka, a shiga Jos, a gangara Bauchi ta Tilden Fulani da Nabordo. Tafiyar kusan kilomita 400 ce, da ramuka da shingayen jami'an tsaro da tsayawar yara ka ƙiyasta awa shida zuwa bakwai. Ana gobe tafiya ka leƙa tashar Kawo ka sami direban da ya taso daga Bauchi ran nan, shi ne zai gaya maka inda hanya ta karye da inda ba a son mutum ya yi yamma. Ku tashi bayan sallar asuba, ku kwana a Bauchi. Kada ka ce sai ka haɗe ta a yini ɗaya. Daga Bauchi akwai sauran kimanin kilomita 110: ka ɗauki titin Gombe zuwa Dindima, ka karya dama, kilomita 29 zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, sannan wasu 40 da 'yan kai cikin daji kafin sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Wannan ƙarshen ba gida ba gidan mai ba mai faci, kuma dabba tana tsallaka titi ba sallama, don haka da rana tsaka ake binsa, a hankali. Ka cika tanki fal a Bauchi. Ka riƙe tsabar kuɗi, sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, wanda ya dogara da tiransifa yakan tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa.

Mota kuwa da saura mako guda za ka kai ta wurin bakanike, don a samu kwanakin gwada gyaran a cikin gari. A duba lagireto da tiyoyinsa, fanka, fanbel, birki, batir da baƙin mai. Tayoyi ka duba su da idonka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, musamman ta gwanjo, ko zanenta bai cinye ba robar ta bushe, kuma kwalta mai zafi da mota cike da mutum bakwai su ne suke fasa ta. Wani abin da masu Sienna suke mantawa: safayar tana rataye a ƙarƙashin mota da wata waya da ke tsatsa, wasu kuma, masu jan ƙafa huɗu, sun zo ba safaya ko ɗaya. Ka sauke ta a ƙofar gida, ka auna iskarta, ka gwada jak da sifanar taya. Ka ƙara da famfon taya, igiyar ja, ƙaramin shebur, guntun katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, tocila, da jarkar ruwa lita 10 ta mota kawai. Idan allurar zafi ta hau a hanya, ka kashe esi, ka gangara gefe, ka buɗe bonet, ka jira aƙalla rabin awa. Ruwan lagireto yana cikin matsi, wanda ya buɗe murfin da zafinsa tafasasshen ruwa ne zai wanke masa fuska da hannu.

Ruwan sha ku lissafa shi. Babba lita 4 zuwa 5 a yini, yaro 2 zuwa 3. Ku bakwai, kwana uku, kusan lita 70 ke nan. Jakar fiyawata mai guda 20 lita 10 ce, wato jaka bakwai. Akwai wurin cin abinci a sansanin, amma ka zo da abin da yara suka saba da shi, da duk maganin da Hajiya take sha har da na ƙarin kwana biyu, don babu kemis a bayan ɗaki.

Yanzu ga mai gidan, gwaggon biri. Garkensu a cikin sansanin Wikki yake yini, kuma sun daɗe da daina tsoron mutum, saboda baƙi sun shekara suna jefa musu biskit don ɗaukar hoto. Ga yadda abin yake faruwa kusan kullum. Kun iso a gajiye, an buɗe ƙofofi duka, kai kana bayan mota kana sauke kaya, uwargida ta miƙa wa yaro ledar burodi ta ce ya kai ɗaki. Can gindin bishiya wani ƙaton namiji yana zaune kamar ba ruwansa, yana sosa ciki. Ba kai yake kallo ba, hannun yaron yake kallo. Kafin yaron ya yi taku biyar ya iso, ya fizge ledar, ya koma inda yake ya zauna yana yagawa. Ya san leda kamar yadda akuyar kasuwa ta san tiren mai talla, kuma ya san bambancin namiji babba da mace da yaro, waɗannan biyun ya fi raina. Suna murɗa hannun ƙofa, suna shiga ta taga, suna buɗe kula. Idan ya shiga ɗaki, abin da bai ci ba zai watsar, har jakar magani da makullin mota.

Maganinsa tsari ne. A sauke kaya ƙofa ɗaya a buɗe, babban namiji yana tsaye a wurin. Abinci ya shiga cikin jaka mai zif ko akwati, ba leda ko ɗaya a fili, har ta fiyawata. Ɗaki a murza masa makulli ko kuna ciki, taga a rufe idan za a fita, mota a kulle. Yara ba sa cin komai a waje, ba sa yawo su kaɗai. Ka zaunar da su tun a Kaduna ka gaya musu: in biri ya kama abin da ke hannunka, sake masa. Yawancin cizo wajen ja-in-ja ake samunsa, kuma fiƙar babban namiji tana kai santimita 5. Ba a zura masa ido, ba a jifansa, ba a bin ɗansa. Idan ya tare hanya, a tsaya a haɗe wuri ɗaya, babba ya ɗaga murya ya buga ƙafa, yawanci zai kauce. In aka yi rashin sa'a ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, a sa aidin, kada a ɗaure shi tamau, a tafi asibiti ran nan don allurar haukan kare da ta tetanus. Ba a jira a ga ko zai kumbura.

Gadu ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa a gwiwa yana cin ciyawa, yara sukan ɗauka abin wasa ne. Ba ya neman kowa da faɗa, amma haurensa na ƙasa yana yanka, kuma uwa mai 'ya'ya ba ta ɗaukar raini. A kalle shi daga nesa.

Ruwan Wikki shi ne abin da yara za su fi tunawa. Yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, kusan lita miliyan 21 a yini, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wannan garau ɗin ne yake ruɗi, domin yana sa wuri mai zurfi ya yi kama da iya ƙugu, alhali wajen bakin dutsen ya kai mita 1.9, ya shanye dogon mutum. Yara su tsaya can ƙasa inda ba zurfi, kuma a ware babba ɗaya wanda aikinsa kallonsu kawai, ba waya a hannunsa, autan kuma kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi. Daga sansani ana sauka ne ta matakala mai tsawo da gangara, saukar ba wuya, hawowar ce aiki, don haka in Hajiya tana da ciwon gwiwa ko hawan jini a yi ta da sassafe, a huta a hanya, a riƙe ta. Sassafen ranar aiki shi ne kuma lokacin da mata za su samu wurin ba idon jama'a. Kada kowa ya bi rafin ya wuce iyakar wurin wanka, gaba Gaji ya nufa, can kuma gidan kada da dorina ne. Mutum ɗaya ya zauna da jakunkuna, birai suna saukowa har nan.

Zagayen daji da sassafe ake fita da kuma bayan la'asar, lokacin da dabba take motsi. Da tsakar rana kowacce tana inuwa. Ka bar Sienna a sansani ka biya motarsu. Cikin Sienna a ƙasa yake, hanyoyin gefen Gaji kuwa yashi ne da kwazazzabo da kututture, kuma a doguwar motarsu an fi hango nesa. Hajiya ta zauna gaba inda jijjiga ta fi sauƙi, da matashi a bayanta. Ku shirya fita aƙalla sau biyu, in da hali uku.

Tufafi suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A kurmin bakin Gaji akwai ƙudan tsando, cizonsa kamar an soka allura, yana ratsa yadi mara kauri, kuma baƙi da shuɗi mai duhu su ne launukan da suke jawo shi, har tarkonsa da su ake yi. To baƙar abaya da shuɗin hijabi su zauna a ɗaki. A sa ruwan ƙasa, ko toka, ko kaki, mai dogon hannu, da safa da takalmi rufaffe. Turare ma a hakura da shi ran nan saboda zuma. Madubin hangen nesa guda ɗaya, irin mai lamba 8x42, ya fi kowace kyamarar waya amfani, sai a riƙa karɓa-karɓa.

Kada ka yi wa yara alkawarin abin da ba ka da iko a kansa. Gwaggon biri da gadu da gwambaza da mazo, waɗannan kusan tabbas ne. Ɓauna, kanki, gwanki, jan biri, kada da dorina, da rani akwai kyakkyawan zato. Giwayen Yankari suna cikin mafi yawan da suka rage a Najeriya, amma ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150 ne a wannan faɗin daji, kuma sau da yawa a dunƙule suke tafiya, don haka ko ka gan su da yawa ko ka ga sawu da kashi kawai. An sa wa wasunsu abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, saboda haka ka tambayi ɗan jagora tun da dare wane ɓangare garken ya kwana. Zaki kuwa 'yan ƙalilan ne suka rage, Yankari da gandun Kainji su ne wurare biyu na ƙarshe da yake da saura a ƙasar nan, kuma gudun mutum yake yi. Abin baƙin ciki ne, amma gaskiyar ke nan: jikokin Hajiya sun fi kusa da rasa shi gaba ɗaya fiye da haɗuwa da shi. Raƙumin dawa da jakin dawa ba a Yankari za ka neme su ba, suna gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su daga Namibiya a 2006. Tsuntsaye kuma sun haura iri 350. Ka nuna wa yara burtu yana takawa a ƙasa, da carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska, wanda kukansa ne yake fara tona cewa akwai garke a kusa.

Idan Allah ya haɗa ku da giwa, a tsaya nesa, mita 50 ko fiye, mota ta fuskanci inda za ta iya ficewa, kuma kada ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ko tsakanin garke da ruwa. Ba tsayuwa a kan kujera, ba tafi, ba kiranta, ba hon, ba fitilar kyamara. Giwa tana gargaɗi kafin ta yi aiki: za ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta girgiza shi, ta watsa ƙasa, ta yi kururuwa, wani lokaci ta taho da gudu ta ja birki. Wannan cewa take a ba ta wuri, sai direba ya ja da baya sannu a hankali. Wadda ta kwantar da kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, ita ce da gaske take, nan sai a bar wurin da sauri. Toron da ka ga ruwa yana gangaro masa daga gefen kai tsakanin ido da kunne, fitsari yana ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin kansa ne, a ninka masa tazara. Duk abin da ya faru ba mai dirowa daga mota. Dabbobin sun saba da mota a matsayin abu ɗaya, mutum a ƙasa kuwa maharbi suke gani, kuma ba wanda zai tsere wa giwa ko ɓauna da ƙafa a cikin daji.

Wani kuskure da mutanenmu suke yi da kyakkyawar niyya: la'asar ta yi a bakin kogi, ruwa ga shi kwance, sai mutum ya sauka ya tsuguna zai yi alwala. Tsugunne a bakin ruwa shi ne daidai yadda kada yake kama abin da ya zo sha. A yi salla kafin a tashi, ko a ɗauki buta a yi inda ɗan jagora ya nuna. Dorina kuma da yamma take fitowa kiwo, hanyarta a bayyane take daga ruwa zuwa tudu, ba a tsayawa a kanta.

In ka nace da shiga da mota mai jan ƙafa huɗu, dole da ɗan jagora a ciki. Ta kafe a yashi, ka ɗaga ƙafa daga totur nan take, don kowane juyin taya rami yake ƙara haƙawa har cikin motar ya zauna. A sauke mutane su tsaya jikin mota, a kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a rage iskar tayoyin zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iska, a shimfiɗa tabarmar ƙafa ko rassa, a miƙar da sitiyari, a ja a hankali. Da an fito a mayar da iska. Kada a tsayar da mota a kan doguwar busasshiyar ciyawa, zafin salansa yana kunna ta. Idan ta ƙi fita, kowa ya zauna, ba mai tafiya neman taimako a ƙafa. Shi ya sa ake gaya wa ofis hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Akwai wuraren da ake sauka a taka, kamar kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. A irin nan, da kuma cikin sansani da dare, maganar maciji take tasowa. Ƙasar Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce. Gajeriya ce, launinta na ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya cewa shi lafiyarsa ƙalau, sai bayan sa'o'i ko kwana jini ya fara fita ta dasashi da fitsari. Don haka ba fita da dare da silifa, ba fita ba tocila, ba zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kuma a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Idan an yi sara, a janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi, a ɗaure ƙafar a jikin sanda yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, kada ya taka. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure sama da wurin da igiya ko roba. Tsaga a jikin wanda jininsa ba ya daskarewa ƙofar zubar jini ce, ɗauri kuma yana kashe ƙafa. Don zafi a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, su ma suna ƙara zubar jini. Ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. A sanar da ofishin gandun, a nufi asibiti, Alƙaleri ce kusa, asibitin koyarwa yana Bauchi, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji. A can za a ɗibi jini a kwalba a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Kumurci kuma tofi yake yi a ido, maganin farko a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon kwata guda na awa, sannan asibiti.

Zuma in ta taso ba a tsayawa ana kaɗe-kaɗe, ba a faɗawa ruwa. A rufe fuskar yara da mayafi, a yi nesa ko a shige mota a ɗaga gilas. Ƙarin da zumar ta bari a fata a kankare shi da farce. Wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti nan take.

Zafin rana ya fi duk waɗannan kayar da mutane, kuma tsoho da yaro yake fara kamawa, don ba sa jin ƙishi da wuri. Daga sha ɗaya zuwa la'asar a zauna a inuwa. A riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, a lura da fitsari, in ya yi ja ya ragu ruwa bai isa ba. Ka zo da ƙullin ORS, in babu ka haɗa: lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya, inuwa da wannan ruwan sun isa. Amma wanda ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, wannan rai ne a hannu: a rage masa kaya, a jiƙa shi sharkaf, a yi ta fifita, a sa shi a mota mai esi a tafi, ana jiƙawa a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Ku tafi da gidan sauro da igiyar ɗaurawa, kada ku dogara da ragar taga. Bayan kun dawo Kaduna, zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin ya bayyana, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi a cikin watan a yi masa gwajin jini kafin a ba shi magani. Ciwon barci da tsando yake ɗauka ya yi ƙaranci ƙwarai a yanzu, amma idan wurin cizon ya zama ƙurji mai zafi da ya ƙi warkewa, ko zazzaɓi ya yi ta dawowa alhali gwajin maleriya bai nuna komai ba, ka gaya wa likita cewa kun je Yankari kuma tsando ya ciji mai jikin. Cibiyar ƙasa da ke binciken ciwon barci da sammore a nan Kaduna take, likitan zai san inda zai tura ku.